Amaryar Da Ba Ta Cin Burodi

Ranar da ya fara shigowa shagon tabarau, Tsinke ta ɗauka tsoho ne. Kansa fari fat, girarsa fara, ga tabarau a hannu da karyayyiyar ƙafa an ɗaure ta da zaren buhu. Har ta miƙe za ta jawo masa kujera, sai ya yi sallama da muryar saurayi, ya sosa ƙeya, farin ya tashi sama ya bar baƙin gashi a ƙasa.

Ashe fulawa ce. Tsinke ta ja da baya har ta bugi kabad ɗin gilasai, ta rufe hanci da baki da gefen mayafi.

"Malam, don Allah ajiye tabarau ɗin a kan tebur ka koma bakin ƙofa."

Ya dubi rigarsa, ya dubi takalmansa, ya ɗan shinshina kafaɗarsa a fakaice. "Wallahi na yi wanka da safe."

"Ba wari kake yi ba. Da fulawa ne ba ma shiri."

Ya koma bakin ƙofa yana dariya. Ya ce shi dai ya ga masu gaba da maƙwabta, ya ga masu gaba da dangin miji, amma mai gaba da fulawa yau ya fara gani. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta sa safar hannu, ta wanke tabarau a famfo, ta sauya masa ƙafa, ta tura masa a kan tire. Sai da ya fita ta lura tana leƙensa ta gilashin ƙofa har ya sha kwana.

Ba a banza ake ce mata Tsinke ba. Tun tana ƙarama ba ta da jiki. Ta ci ta ƙoshi, cikin ya kumbura, ya murɗa, ta kwana uku ba ta moruwa. An ce tsutsa ce, an ce sammu ne, gwaggonninta suka ce tsirfa ce da neman a lallaɓa ta. Sai da ta girma ta fara aiki wani likita ya gano hanjinta ba ya ɗaukar alkama, ko ƙwaya ɗaya. Sauran hatsin ma ta haƙura da su, don injin da ke niƙa wannan shi ke niƙa wancan. Cikin shekara guda ta yi kumatu, amma sunan ya riga ya bi ta. Abin da shekarun ciwo suka bar mata shi ne taurin kai. Ta rantse ba za ta ƙara ba wa kowa haƙuri a kan abin da ba ta ci ba.

Bayan kwana biyu ya dawo, wai kusar tabarau ta kwance. Ya sake dawowa, wai ɗaya kusar ce. Tsinke ta ga shatin bakin wuƙa a kan kusar, ta yi kamar ba ta gani ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne yadda yake zuwa yanzu: kai wankakke, farce a yanke, riga sabuwa fil daga leda. Ɗan mai gidan burodin bayan tasha ne, shi ke kula da kwaɓi da tanderu. Duk da haka ta laƙaba masa Mai Furfura, ya amsa da murnarsa.

Wata rana ya same ta tana cin abincin rana, wasu ƙananan kek masu launin ruwan zuma a cikin roba. Idon mai gasa burodi ba ya wuce irin wannan. Ya tambaya, ta ce kek ɗin kabewa ne, ita take yi a gida, babu hatsi ko ɗaya a ciki. Ya ce ba ta yiwuwa. Ta miƙa masa ɗaya a kan tishu.

Ya raba shi biyu, ya duba cikin, ya shinshina, sannan ya ci a hankali. "Tsakiyar ta ɗan faɗa," in ji shi. "Amma ko ni da sana'ata, ban taɓa cin abin da ya sa na rasa ta cewa haka ba."

"Ga shi kuwa ka ce tsakiyar ta faɗa."

"To ai da bakin aiki na faɗi wannan. Sauran maganar ta zuciya ce, sai kin ba ni lambarki."

Ta ba shi. Da yamma tana kicin ɗin mahaifiyarta, Umma, tana kankare gasasshiyar kabewa daga ɓawonta, waya ta yi ƙara.

"Kabewata, na isa gida lafiya. Yau na ƙona tire guda na burodi saboda tunaninki, Baba ya ce ko aljanu sun shafe ni. Na ce masa ɗaya ce kawai, kuma tana sayar da tabarau."

Ta karanta sau biyu, ta goge hannu ta mayar masa: "Mai Furfura, ka daina ɓarnar dukiyar Baba. Kuma ni ba kabewar kowa ba ce tukuna."

"Na ji tukuna ɗin. Ita zan riƙe."

Haka soyayya ta kankama. Ranakun hutu yakan zo ya zauna a bakin ƙofar kicin, yana kallon yadda take aiki. Tana da na'urar markaɗe tata ita kaɗai, da jan zare ɗaure a hannunta don kada wani ya taɓa. Ita take busar da kwakwa da aya ta niƙa garinsu. Ta matse ruwan kabewa a ƙyalle mai tsabta, ta fasa ƙwai, ta zuba zuma da man kwakwa, ta barbaɗa kirfa da garin citta, a ƙarshe soda da ɗigon lemun tsami, kwaɓin ya ɗan yi kumfa. Sai ta rarraba a farantin gashi mai gurabe, ta tura obin. Ƙamshin kan cika gidan har Umma ta fito daga ɗaki tana cewa ita ba ta ci, amma a ajiye mata biyu.

Da maganar aure ta taso, sai ruwa ya dagule. Baba Mai Burodi ya ce bai ga dalili ba. Ya gina wa ɗansa ɗaki da falo a saman gidan burodin, har fenti an yi, don ya riƙa saukowa kan aiki ba tare da wahala ba. Ya kuma daɗe yana hango masa ɗiyar abokinsa dilan fulawa. Yanzu a ce za a kawo masa surukar da ko gutsuren burodinsa ba za ta kai baki ba? Me mutanen unguwa za su ce? Ai sai a ce wani abu yake zubawa a ciki.

Ita ma ɗiyar dilan ba ta zauna ba. Ta zo shagon tabarau da kanta, ta gwada gilasai har kala takwas ba ta sayi ko ɗaya ba, tana ƙare wa Tsinke kallo ta madubi. Da za ta fita ta ce, cikin muryar tausayi, gidan da wasu ke hanƙoron shiga ko labulensa ka kaɗa fulawa ce ke zuba. Tsinke ta ce ta gode da labari, kuma na ukun da ta gwada ya fi rufe mata ido, in tana so a rage mata kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mata rai a gida yake. Umma ta zaunar da ita ta ce, "Ke wai ba za ki sassauta ba? In sun ba ki, ki ɗan gutsura ki haɗiye. Kin dawo gida kya kwanta, ni zan yi jinyarki. Daga an ɗaura shi ke nan."

"Daga an ɗaura kuma wa zai yi jinyar, Umma? Kullum zan riƙa gutsura ina kwanciya?"

"Mace ai da haƙuri aka san ta."

"Na yi shekara ashirin ina haƙurin. Wanda zai aure ni ya aure ni da cikina yadda Allah ya yi shi."

Umma ta tafa hannu ta ce wannan kafiya ba daga wajenta aka gado ta ba.

Yayar Mai Furfura ce ta nemi gyara al'amarin. Ta gayyaci Tsinke gidanta don ta gaisa da mahaifiyarsu. An gaisa lafiya, Mama ta amsa ba yabo ba fallasa. Amma da Tsinke ta fita tsakar gida wanke hannu, sai ta jiyo muryar Mama ta tagar kicin, tana cewa wannan cutar 'yan gayu ce, a barbaɗa mata kaɗan ba ta sani ba, a gani in ko gezau za ta yi. Tsinke ta gama wanke hannunta, ta koma ta yi sallama da fara'a. Ba ta gaya wa kowa ba, ta dai adana maganar a ranta.

Sati biyu bayan haka ya zo shago da kwali ɗaure da ribon, bakinsa har kunne. A kicin ɗin Yaya ya yi, da hannunsa. Ya sayi sabon faranti, sabon kwano, sabon cokali, garin ma daga wanda ta taɓa ba shi ne. Kek shida ne a jere, sun tashi sun yi ƙozo, ba wanda ya faɗa. Ba a taɓa gasa mata komai ba tun da aka gano ciwonta. Ta ci biyu a tsaye, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce masa, "Yau kam na yarda, ni kabewarka ce."

Kafin a tashi aiki ciki ya fara murɗawa. Washegari tana gadon asibiti ana ƙara mata ruwa, bakinta ya bushe, gaɓoɓinta kamar an daddake. Ciwon jikin ma da sauƙi. Kicin ɗin Yaya take ta gani, da tagar nan, da maganar Mama. Ashe gwada ta aka yi. Kuma da hannunsa aka yi, hannun da ta yarda da shi.

Ya zo asibiti ta ce kada a bar shi ya shigo. Ya kira ta ƙi ɗauka. Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Kabewata, wallahi tallahi ban sa komai ba. Na koma na duba kwano, na duba garin, na duba har tsumman da na goge tebur. Kaina ya kulle. Ki hukunta ni yadda kike so, amma ki ci abinci ki sha magani."

Sai da aka sallame ta ta ba shi amsa: "Ka gaya wa Mama gwajin ya yi kyau, na yi gezau. Kada ka ƙara kira na da wannan sunan."

Nan ne ya san abin da take zargi. Yaya ta tabbatar masa Mama ta faɗi maganar, amma ta rantse ranar gashin Mama ba ta ma zo gidan ba. Ya rubuto: "Ban da hujjar da zan ba ki, ni kaina ban san yadda aka yi ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ki bar ni in sake yi a gabanki, a kicin ɗinki, da kayanki. In kin ga ha'inci a hannuna, ba za ki ƙara ganina ba."

Ta yi kwana biyu tana juya saƙon. Tana jin haushinsa, tana kuma kewarsa, kuma haushin kewar ya fi komai cin ta. A ƙarshe ta rubuta masa kalma uku: "Asabar. Da hantsi."

Ya zo duk ya faɗa, idanu sun zurma. Ta nuna masa famfo, ya wanke hannu har gwiwa. Ta jawo kujera ta zauna ta harɗe hannuwa, fuska ɗaure tamau. Ya matse kabewa, ya fasa ƙwai, ya auna garin kwakwa a ƙaramin kwano ya ajiye ragowar a damansa. Yana yi yana bayani, wai ga yadda ya yi ranar, ga abin da ya biyo baya. Ya ɗauko faranti ya shafe gurabensa da mai.

Yana cikin magana, idonsa a kanta, hannunsa na dama ya tafi shi kaɗai. Ya tsunduma yatsu uku a ragowar garin, ya ɗebo, ya watsa a kan farantin, ya karkata shi ya bubbuga gefe. Duk a cikin ƙiftawar ido, bai ko kalla ba.

"Tsaya," in ji Tsinke. "Me ka yi yanzu?"

"Mai na shafa."

"Bayan man."

Ya dubi farantin, ya ga gari ya lulluɓe gurabe. Ya dubi yatsunsa. Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, don sai da ya dafa tebur.

"A kicin ɗin Yaya," ya ce a hankali, "akwai robar fulawa a gefen murhu. A dama."

Tun yana ɗan shekara bakwai Baba ya koya masa: in ka shafa mai, ka barbaɗa fulawa, kada burodi ya kama gwangwani. Ya yi haka sau dubbai har hannun ya daina neman izininsa. Ya sulale ya zauna a ƙasan kicin, ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Yana ta cewa shi ne, da hannunsa ya kwantar da ita.

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjin Tsinke, har ta ji kamar ta yi dariya da kuka lokaci guda. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta miƙa masa tsumma.

"Tashi, Mai Furfura. Kwaɓin zai lalace."

"Kin yafe mini?"

"Na yafe. Amma ka ga abin da nake faɗa. Kai da kake so na, hannunka ya yi mini haka ba ka sani ba. To ina ga gidan da iskarsa ma fulawa ce? Ba zan zauna a saman gidan burodi ba. Ba zan ci don a so ni ba. In da aure a haka, bismilla. In babu, ka tafi tun ina iya jurewa."

Ya goge fuska ya ce da aure, ko da a ɗakin haya ne mai ƙofa ɗaya.

Ya je ya gaya wa Baba haka, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Zai ci gaba da aiki kullum, ba zai bar tanderu ba. Amma zai kama haya a wata unguwa, in ya tashi aiki ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya tafi gida. Baba ya yi faɗa har ma'aikata suka daina kwaɓi suna saurare. Da ya ga yaron ya kafe, sai ya ce a kawo masa yarinyar ya ji daga bakinta.

Ba ta yarda ta shiga gidan burodin ba. A barandar gidan Yaya aka haɗu. Baba dattijo ne mai faɗin kafaɗa, hannayensa duk tabon ƙuna. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Ya ajiye burodi mai zafi a gabanta, ya yanka da kansa, ya tura mata.

"Ci, 'yata."

Yaya ta sunkuyar da kai. Mai Furfura ya buɗe baki, Tsinke ta riga shi.

"Baba, ku gafarce ni, ba zan ci ba. Ba raini ba ne. Ƙamshinsa tun daga ƙofa yake ja na, kuma na san duk garin nan babu irinsa. Amma in na ci yau don ku ji daɗi, na yi muku ƙarya, gobe kuma a asibiti za ku gaishe ni."

Ta buɗe jakarta ta ajiye robar kek ɗinta kusa da burodin. Ta ce ga abin da take ci, in ba za su ƙi ba.

Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ɗauki ɗaya don dai kada a ce ya ji tsoro, ya latsa shi da babban yatsa, ya gutsura. Ya ce wannan ba kek ba ne, kabewa ce aka sa wa hula. Ruwa ya yi yawa, wuta ta yi yawa, tsakiya ta zauna. Ya miƙe ya kaɗe riga ya tafi, bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Sai dai Yaya ta lura ya tafi da robar.

Ranar Talata saƙo ya shigo: "Kabewata, Baba ya ce wai in gaya miki, ba don komai ba, ki rage wutar obin kuma ki bar kwaɓin ya huta kafin ki zuba. Ya ce kada in ce shi ya faɗa."

Ta amsa: "Ka ce wa wanda bai faɗa ba na gwada, ya ƙara faɗawa. In da gaske ya iya, ya zo ya nuna mini."

Mai Furfura ya ce shi ba zai iya kai wannan saƙo ba, yana son ransa. Ta ce to ya miƙa masa wayar ya karanta da kansa.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidan Umma. Baba ne, daga wurin aiki kai tsaye, hula da gemu da riga duk fari. Umma ta rikice, tana shimfiɗa darduma tana lale marhabin. Tsinke ta fito ta gaishe shi, sannan ta tsaya a ƙofar kicin ta cika ta.

"Baba, da wannan rigar ba za ku shiga ba."

Umma ta kusa faɗuwa. Ta riƙa yi mata ido tana cije leɓe, tana ba dattijon haƙuri, wai yarinyar ƙuruciya ke damunta. Tsinke ba ta gusa ba. Ta ce ga famfo can, ga sabulu, ga kuma rigar ɗansu wankakkiya da ya bari saboda irin haka. Ta san in ya juya, auren ya juya ke nan. Amma ta riga ta ƙudurta, ko a kan wa, fulawa ba za ta tsallaka wannan ƙofa ba.

Baba ya dubi Umma, ya dubi yarinyar. Ya ce shi ma a gidan burodinsa ba a shigar masa ɗakin kwaɓi da takalmi, ko waye. Ya cire hula ya nufi famfo.

Rigar ta matse shi a kafaɗa, haka ya shiga. Ya sa ta ƙara matse kabewar har sai da hannunta ya gaji. Ya raba farin ƙwai da gwaiduwa, ya buga farin har ya tashi ya yi kumfa, ya juya shi cikin kwaɓin a hankali. Da ya shafa mai a faranti, ya damƙe hannunsa na dama ya kai shi bayansa, ya ce ɗansa ya ba shi labari. Suna jiran gashi ya tambaye ta, ba tare da ya kalle ta ba, wai in ta ci me yake faruwa.

Ta gaya masa duka. Makarantar da ta yi ta fashi, bukukuwan da ta zauna a gefe da kofin ruwa, gwaggonnin da suka ce ƙarya take. Ta ce ranar da wannan kek ya fara yi mata daidai, a nan ƙasan kicin ta zauna ta ci tana kuka, don rabonta da wani abu mai laushi da zaƙi har ta manta.

Baba ya saurare ta har ƙarshe. Can ya ce shi tunda yake, bai taɓa tunanin akwai wanda burodi zai cuta ba. Ya buɗe obin, kek sun tashi sumul. Ya ciro ɗaya, ya hura, ya miƙa mata da hannunsa, ya tsaya yana kallo har ta cinye.

"Ki gaya wa yaron nan ya nemi gidan hayar," ya ce. "Mai babban kicin. Kuma wuta kaɗan, na gaya miki."

Mama ta fi kowa jin kunya. Ita ta saya wa amarya sababbin tukwane, ta ɗaura wa kowace jan zare da hannunta, Tsinke kuma ba ta tayar da maganar ba.

Ranar ɗaurin aure mutanen unguwa suka fito sayen burodin safe suka tarar da ƙofa a rufe da kwaɗo. Masu shayi suka yi ta buga waya, wasu har sun fara tambayar ko rasuwa aka yi. Mama ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin tanderun nan a kashe ba, ko ranar da aka haifi angon. Tun jajibiri Baba ya sallami ma'aikata, ya ce shi da duk wanda zai je wurin walima ba mai taɓa fulawa. A kicin ɗin Umma ya yini, shi da ɗansa, suna gasa kek ɗin kabewa faranti bayan faranti.

A wurin walima Tsinke ta zauna kusa da angonta, aka jera tire a gabansu. Ta saba duk taron da ta je sai ta tambayi me aka sa a ciki, wa ya dafa, da wane cokali. Ta buɗe baki za ta tambaya, Mai Furfura ya raɗa mata, "Kabewata, yau babu tambaya. Duk abin da ke wurin nan naki ne."

Baba ya taso ya tsaya a kansu, ya ɗora hannu a kan ɗansa, ya ɗora ɗaya a kan mayafinta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya ƙara miki lafiya, 'yata. Kai kuma ka riƙe mini ita da kyau."

Jama'a suka amsa da amin. Tsinke ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa hannu cikin tiren da kowa ke ɗiba, ta ɗauka ta ci tare da mutane.